Gine-ginen Cocin Katolika da Adonsu a Ƙasar Katsina: Tsokaci da Sharhi

Gabatarwa

Da na shaida wa abokan hirata a nan Batagarawa cewa ina shirya rubutu a kan gine-ginen cocin Katolika na ƙasar Katsina, sai wani dattijo daga cikinsu ya tambaye ni ko masallatai ne suka ƙare. Na san wasu daga cikin masu karanta wannan ɗan littafi za su yi irin wannan tambaya a zuci, saboda haka gara in amsa ta tun da farko. Ni Musulmi ne, kuma ba muhawarar addini ta kawo ni ba. Abin da na riƙe shi ne, duk ginin da aka kafa harsashinsa a ƙasar Katsina, aka yi shi da gumin mutanen da ke zaune a cikinta, ya riga ya shiga tarihinmu, ko mun rubuta shi ko mun kau da kai. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Hasumiyar Gobarau da Gidan Korau da ƙofofin birni da tsohuwar Kwalejin Katsina ta 1922, kuma sun cancanta. Amma idan malamin makaranta ya nemi shafi biyu da Hausa da zai karanta wa ɗalibansa game da yadda coci ya zo Funtuwa ko Malumfashi, zai sha wuya kafin ya samu.

Ra'ayin da zan kare a nan shi ne, cocin Katolika a ƙasar nan ya koyi Hausa a baki, yana addu'a da waƙa da wa'azi da ita, har ta kai ɗan Malumfashi ya zama shugabansa, amma bangonsa da rufinsa da siffofin da ke ciki har yanzu baƙi ne. Ina ganin wannan asara ce ga mabiyansa, asara ce kuma ga sana'ar gini ta Hausa, kuma laifin bai tsaya a wuyan ɓangare ɗaya ba.

Taƙaitaccen tarihi

Mutane da yawa suna zaton Turawan mulkin mallaka ne suka fara kawo limaman Katolika Katsina. Ba haka ba ne. A 1710 wasu limamai biyu 'yan ɗariƙar Faransiskan, Carlo Maria mutumin Jenowa da Severino mutumin Silesiya, suka taso daga Tarabulus tare da ayarin fatake. Labari ne ya isa Rum cewa akwai Kirista a can kudu da Borno, wajen ƙasar Kwararrafa, sai aka tura su nema. Suka bi ta Fezzan suka sauka Agadas, daga nan suka iso Katsina, inda ciwo ya kama su, su biyun suka rasu a watan Agusta na 1711. Wani ɗan kasuwa Musulmi ne ya koma da labarin Tarabulus. Masanin tarihi Richard Gray ya bi diddigin wannan tafiya a wata maƙala da ya buga a 1967. Ba su gina coci ba, ba su bar mabiya ba. Abin da nakan tuna kawai shi ne, idan sun ɗaga kai a cikin birni, Gobarau suka gani, da soraye da zankwaye, wato irin ginin da waɗanda suka biyo bayansu bayan shekara ɗari biyu da wani abu suka wuce ba su waiwaya ba.

Zuwa na biyu ta hanyar jirgin ƙasa ya kasance. Bayan alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Sai dai layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ya kawo akawuna da ma'aikatan jirgi da masu aiki a injinan gurzar auduga, mafi yawansu daga Kudu, kuma da yawa daga cikinsu Katolika ne. Limaman ƙungiyar SMA, waɗanda ke kula da yankin Kaduna a lokacin, su ne ke biyo su suna yi musu ibada. Wannan shi ya sa tsofaffin majami'un Katolika na Arewa suke a Sabon Gari ko kusa da tasha. Birnin Katsina kuwa dogon bai iso shi ba. A nan kusa da mu, mishan ɗin da dattawan Batagarawa suka fi sani shi ne na Babbar Ruga, inda 'yan SIM suka karɓi aikin kula da kutare a 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Su ba Katolika ba ne, daga cikinsu cocin ECWA ya fito, kuma yana da kyau malamai su riƙa rarrabe wa yara wannan, domin a bakin mutanenmu duk mishan ɗaya ne.

A 1953 Rum ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina ta mai da su yanki guda, ta damƙa wa 'yan ɗariƙar Dominikan daga Amurka, ƙarƙashin Edward Lawton, wanda ya zama bishof da aka ɗaga yankin ya zama dayosis a 1964. Michael Dempsey ya gaje shi a 1967, sai Kevin Aje, sai Matthew Hassan Kukah a 2011. A zamanin Dominikan ne aikin ya juya daga baƙin Sabon Gari ya fuskanci Maguzawan kudancin Katsina, wajen Malumfashi da Kafur, musamman bayan rikicin 1966 da ya kwashe mafi yawan 'yan Kudu daga garuruwan Arewa. An kafa makarantar horar da katikis a Malumfashi, wato malaman da ke jan ibada da koyarwa a ƙauyukan da babu limami. Wasu daga cikin Turawan sun ƙware a Hausa, kamar Fada Joseph Kenny, wanda daga baya ya yi suna a nazarin Larabci da Musulunci a Jami'ar Ibadan. A ranar 16 ga Oktoba 2023 Paparoma Francis ya cire Katsina daga Sakkwato ya ba ta dayosis nata, aka naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi a 1971, bishof na farko, aka keɓe shi a watan Disamba na wannan shekara.

Wanda ya iya karanta allunan da ke ƙofar majami'u zai iya tsinto wannan tarihi daga sunayensu kaɗai. Babban cocin Katsina sunan Martin de Porres yake ɗauke da shi, na Malumfashi kuma Vincent Ferrer, dukansu waliyyan ɗariƙar Dominikan ne, wato sa hannun Amurkawan ke nan. Cocin Gidan Mai Kambu na Patrick ne, waliyyin mutanen Ailan, ƙasar da ta fi kowace turo wa Nijeriya limamai. Makarantar katikis kuwa an ba ta sunan Joseph Mukasa, mutumin Buganda da aka kashe a 1885, wanda aka sa cikin waliyyai a 1964. A wajen zaɓen suna, a ganina, sun yi tunani mai kyau. Martin de Porres baƙar fata ne ta wajen uwa, an haife shi a Lima ta ƙasar Peru a 1579, ya yi rayuwarsa yana shara da jinyar marasa lafiya, kuma da tsintsiya a hannu ake zana shi. Ba ƙaramin hankali ba ne a ba coci a Katsina sunan mutum mai irin fatar masu shiga cikinsa. Da irin wannan hankali ya sauko daga allo ya shiga jikin ginin, da ban sami abin sukar ba.

Gini

Majami'un da na shiga ko na tsaya na duba a kudancin jihar nan, a shekarun da nake aikin gwamnati da bayan na yi ritaya, kusan duk uwa ɗaya ta haife su. Dogon ɗaki ne na bulo da siminti, da jinkar kwano mai gangare biyu, da tagogin ƙarfe ko na gilashi mai salo-salo, da ƙofa a goshi, da gicciye a bisanta. Idan aka cire gicciyen, ba mai iya rarrabe shi da ajin firamare ko sito na taki. A ciki akwai bencina jere, can gaba kuma an ɗan ɗaga daɓe inda bagade yake, wato teburin da limami ke tsayawa a bayansa. Manyan na gari sun fi tsawo da fenti da fanka, wasu da tayil, amma tunanin ginin ɗaya ne.

Ba na raina talaucin da ya haifi irin wannan gini. Manoma ne suka tara kuɗin dawa da auduga suka sayi kwano bandir-bandir. Sukar da nake yi ita ce gini ne da bai san ƙasar da yake tsaye a kanta ba. A watan Afrilu kwano yana mai da ɗakin tanda tun hantsi. Da hunturu ƙura tana shiga ta kowace taga. Da damina kuwa na ga abin da idona. A 1989, muna rangadi a wani ƙauye, hadari ya taso, muka fake a wata 'yar majami'a da ke bakin hanya, muka tarar da wani tsohon katikis yana koyar da yara. Ruwa na saukowa a kan kwanon sai karatu ya tsaya cik, domin ko ihu mutum ya yi na kusa da shi ba ya ji. Muka zauna muna kallon juna har aka ɗauke. Ɗakin da aka gina domin a ji magana, ruwan sama ya hana a ji magana a cikinsa.

A nan ya kamata in bayyana wa matasan malamai abin da aka bari, domin da yawansu a gidan siminti aka haife su. Maginin Hausa da tubali yake aiki, wato curin ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka busar a rana, ana jera shi ana ɗaurewa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri sosai a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Wannan kauri shi ke riƙe zafin rana ya hana shi shiga sai dare ya yi, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, da ɗumi da asubar hunturu. Rufi da azara ake yi, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, kuma a wajen warware wannan matsala gwanintar take. Magini zai fito da azara daga jikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa, yana ɗaurewa da igiya yana lulluɓewa da ƙasa, daga bango biyu masu fuskantar juna, har su haɗu a sama. Wannan shi ne baka. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiya, kamar yadda ake ɗaure guga, sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Daga waje a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a sa indararo ya zubar da ruwa nesa da bango.

Da wannan fasaha Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, kuma masana gini na duniya har yau suna zuwa kallon bakunansa. Saboda haka zancen cewa ginin ƙasa ba ya ɗaukar taron jama'a ba shi da tushe. Abin lura kuma, duk wanda ya kwanta rigingine a ƙarƙashin ɗaurin guga ya dubi sama, bakuna biyu ne zai gani sun gitta juna. Kirista da ke neman alamar addininsa a rufin ɗakin ibadarsa ba ya ma buƙatar ya ƙara komai. Na yi mamakin yadda limamai masu ilmi, waɗanda suka shiga zaurukan hakimai suna gaisuwa shekara da shekaru, ba su ɗaga kai sun ga wannan ba.

Kada a ce abu ne da ba a taɓa yi ba. A Wusasa, bayan ganuwar Zariya, akwai cocin Bartholomew na Angalikan, wanda aka gina a 1929 da ƙasa da azara da bakuna, bisa tsarin ginin Hausa. Na shiga cikinsa da rana tsaka, na ji sanyin da na saba ji a zauren kakana, kuma murya tana kaiwa ƙarshen ɗakin ba tare da lasifika ba. Ya kusa shekara ɗari yana tsaye. Wanda ya ce wannan ai ba na Katolika ba ne, sai ya dubi Navrongo a arewacin Gana, inda 'yan mishan na Katolika suka sauka a 1906, suka gina babban coci na ƙasa a 1920, daga baya a shekarun 1970 matan Sirigu suka ƙawata cikinsa da irin zanen da suke yi wa ɗakunansu. Yau yana cikin gine-ginen da ƙasar Gana ke alfahari da su.

Misalin da ya fi ci mini rai shi ne na Ibadan. 'Yan ɗariƙar Dominikan ɗin nan da ke riƙe da Katsina su ne, a farkon shekarun 1970, suka ba Demas Nwoko aikin zana musu ɗakin ibada a gidansu na Ibadan. Nwoko a Zariya ya yi karatun zane, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Ya yi musu gini da kayan ƙasar, mai shan iska da haske da kansa, da ginshiƙan itace sassaƙaƙƙu, da wata hasumiya wadda ni dai da na ga hotonta zankwayenmu ta tuna mini. Wannan gini yana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi babbar lambar yabo ta masu zanen gini a birnin Banis na Italiya a 2023. Ashe ke nan ɗariƙar ta san darajar abin, ta kuma san inda ake samun masu yi. Ta yi wa ɗalibanta a Ibadan, manoman Kafur kuwa aka bar su da kwano.

Ado da siffofi

A nan sai na taka a hankali, domin wuri ne da fahimtarmu da tasu ta rabu. Musulmi ba ya sa siffar mai rai a wurin sallarsa. Katolika kuwa yana sa mutum-mutumin Annabi Isa da na Nana Maryamu (amincin Allah ya tabbata a gare su) da na waliyyai, da hotuna goma sha huɗu da ake jerawa a bango, waɗanda suke kira Hanyar Gicciye. Su a wurinsu abin tunatarwa ne, kuma ba sa yarda a kira shi gunki. Ba hurumina ba ne in yanke musu hukunci a wannan ɗan littafi. Abin da zan iya dubawa shi ne aikin hannu, kuma a nan abin da na gani bai gamsar da ni ba.

Mafi yawan siffofin na kanti ne, an zuba su a ma'auni ɗaya da farar ƙasa ko roba, an shafa musu fenti mai ƙyalli, fuska fara, gashi mai laushi, ido wani lokaci shuɗi. Hotunan bango kuwa bugun inji ne, rana ta ci launinsu. Ba su da alaƙa da Falasɗinu inda abin ya faru, ba su da alaƙa da Malumfashi inda aka rataye su. Ɗanɗanon Turai ne na ƙarni na 19 aka yi ta kwafa har ya gaji. Abin da ya sa na ce wannan rauni ne ko a ma'aunin cocin kansa shi ne, babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya bayyana a takardarsa ta tsarin ibada ta Disamba 1963 cewa coci bai keɓe wani salon fasaha ya ce shi ne nasa ba, kuma fasahar kowace al'umma tana da wuri a cikinsa. Takardar nan ita ce ta buɗe ƙofar yin ibada da harsunan gida maimakon Latin. An ɗauki rabin izinin an yi aiki da shi, an bar rabi.

A ƙasar Yarbawa ma ba su jira taron ba. Daga 1947 zuwa 1954 Fada Kevin Carroll da abokin aikinsa sun gudanar da wata ma'aikata a Oye-Ekiti, inda masassaƙa da masaƙa na gargajiya suka riƙa yin ƙofofi da siffofi na coci da salon kakanninsu. Fitaccen wanda ya fito daga nan, Lamidi Fakeye, Musulmi ne, kuma bai bar addininsa ba. Carroll ɗin ne kuma ya sa Bruce Onobrakpeya, shi ma ɗalibin Zariya, ya zana Hanyar Gicciye a wani coci a Ebute Metta ta Legas a ƙarshen shekarun 1960, da mutane sanye da tufafin ƙasar. A 1992, shekara guda kafin rasuwarsa, ya fitar da littafi a kan gine-ginen Nijeriya wanda ya ba ginin Hausa babban wuri a ciki.

Za a ce Bahaushe ba shi da al'adar sassaƙa siffar mutum kamar Bayarabe, kuma gaskiya ne. Amma ni a nan nake ganin dama. Adon Bahaushe na zane ne da saƙa: dagi da sauran zanen da ake fitarwa a jikin bango tun ƙasa tana ɗanya, da aska biyu da aska takwas na wuyan riga, da aikin dukawa a kan fata, da sassaƙar ƙwarya, da farar saƙa da ake yi wa gwado. Coci yana buƙatar rigunan limamai, da mayafin bagade, da bangon littafi, da ƙofa, da akwatin ajiye abin da suke tsarkakewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da masu sana'ar Katsina ba za su iya yi ba, kuma babu wanda zai sa maɗinki ko baduku Musulmi ya ji ya taka dokar addininsa. Ɗakin ibada da aka ƙawata da irin wannan ado, maƙwabci Musulmi zai shiga ta'aziyya ko ɗaurin aure ya zauna hankalinsa kwance. A ƙasar da Kirista 'yan tsiraru ne, kuma sau da yawa 'yan'uwan jini ne da Musulmin da ke kewaye da su, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Inda suka yi nasara, dole in faɗa, shi ne wajen sauti. Wanda ya taɓa wucewa ta wata majami'ar ƙauye ranar Lahadi ya ji 'yan Zumuntar Mata suna waƙa da ganga da tulu da kacau-kacau, ya san wannan ba aro ba ne. Karin na gida ne, amshin na gida ne, irin wanda ake yi a wajen daka da biki. Mata ne suka yi wannan da kansu, ba tare da an kawo musu tsari daga waje ba.

Ɗaya ɓangaren

A ranar da ruwa ya tsare mu, bayan an ɗauke, na tambayi tsohon katikis ɗin me ya hana su yin soro. Na ce, "Baba, ga ƙasa a bayan gari, ga magina, me ya kai ku ga wannan kwano mai hana ku karatu?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ɗakin da muka fara da shi na ƙasa ne da jinkar ciyawa. Shekara bakwai muna tara kuɗin kwanon nan. Ranar da aka buga shi har rago muka yanka. Yanzu kai da ka zo cikin mota za ka ce mu koma?" Ban sami amsa ba a ranar, kuma maganarsa tana da nauyi har yau. Ga wanda aka daɗe ana kira Bamaguje ana raina shi, bulo da kwano shaida ce cewa shi ma ya kai. Ban da haka, soro yana son yaɓe kusan kowace shekara kafin damina, kuma jama'ar da ba ta da yawa, matasanta kuma suna tafiya ci-rani, ba kullum take da hannun yin wannan ba.

Laifi kuma tudu ne. Mu da muke sukar, me muka yi da namu? Masallatan Juma'a nawa aka gina da baka a jihar nan tun da aka ƙirƙiro ta a 1987? Mun rushe na ƙasa mun kawo ƙubba da hasumiya irin na wasu ƙasashe, mun jera lasifika. Masallacin Babban Gwani kansa a shekarun 1970 an lulluɓe abin da ya rage nasa cikin ginin siminti. Wanda ke son ganin kwaikwayon fadar Katsina da aka gina da gangan domin a adana fasahar, sai ya tafi gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ni mai wannan rubutu a gidan bulo nake kwana, kuma ni na rushe zauren da na gada. Saboda haka idan na ce coci ya juya wa maginin Hausa baya, a bayanmu ya tsaya a layi.

Duk da haka ban janye sukar ba, sai dai in rage mata kaifi. Ban ce kowace majami'ar ƙauye ta koma tubali ba. Sabon dayosis gine-gine zai yi, ko yana so ko ba ya so, kuma abin da aka gina a shekaru goma na farko shi zai zama abin koyi. Ɗakin ibada guda ɗaya, ko da ƙarami ne, a makarantar katikis ko a gidan bishof, wanda aka yi da harsashin dutse da siminti domin maganin danshi, da bango mai kauri da bakuna na gaskiya, zai isa ya nuna wa limaman gobe cewa abin mai yiwuwa ne. Na ce bakuna na gaskiya domin na ga yadda ake manna zankwayen siminti a kan gine-ginen gwamnati a ce an yi na gargajiya. Wannan kwalliya ce kawai, ba ta rage zafi ba ta gyara sauti.

Akwai kuma abin da ya fi gini gaggawa, wato rubuta tarihin kowace majami'a tun masu shi suna raye. Cocin Katolika yana da al'adar ajiye rajistar baftisma da aure da mutuwa, da suna da ƙauye da kwanan wata, kuma ga wasu ƙauyukan Maguzawa wannan ne rubutaccen tarihi mafi tsufa da suke da shi. Yankin da waɗannan littattafai suke shi ne yankin da 'yan bindiga suka addaba. A watan Mayu na 2021 an kai hari cocin Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka tafi da Fada Joe Keke. A watan Mayu na 2022 aka ɗauke limamai biyu a Gidan Mai Kambu. A watan Agusta na 2025 kuma aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau, a ƙasar Malumfashi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙauyen da aka watse, takardunsa gara ce ke gadonsu. Malamin da ke koyarwa a irin waɗannan wurare zai iya, da izinin masu wurin, ya ɗauki hoton gini ciki da waje da wayarsa, ya tambayi dattawa wa ya ba da filin, wa ya yi ginin, a wace shekara aka buga kwano, da me aka yi ɗakin farko, ya rubuta ya aiko wa wannan Hukuma. Masallatan ƙasa da suka rage ma haka ya kamata a yi musu, a tafiya ɗaya.

Kafin in miƙa wannan rubutu na je cikin birni wurin wani tsohon magini, wanda ya yi aikin gyaran soraye tun yana saurayi, na tambaye shi ko zai iya ɗaura baka a ɗakin da zai ci mutum ɗari, kuma ko zai yi idan masu ɗakin Kirista ne. Ya ce, "Alhaji, ni ƙasa nake ginawa, abin da za a faɗa a ciki na mai ɗaki ne." Sannan ya shiga lissafi da yatsu. Ya ce rani biyu zai buƙata, ɗaya na bango ɗaya na rufi, kuma azara mai kyau yanzu sai an yi odarta daga nesa, domin giginyar kusa an sare. Abin da ya fi damunsa shi ne masu taya shi. Yana son yara shida da za su cuɗa ƙasa su miƙa tubali, biyu daga cikinsu kuma su hau sama tare da shi su ga yadda ake ɗaurin. Na tambaye shi 'ya'yansa fa. Ya ce babban yana Abuja yana jera bulo, ƙaramin kuma yana tuƙa Keke Napep a Ƙofar Ƙaura.